Muryar Baba a Akwatin Kumfa

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har fuskokin mutanen da na yi shekaru ina gyara musu rediyo yanzu sai in gan su in kasa tunawa. Amma azumin da na ɗora akwatunan kumfa a kan masallacin layinmu, wannan kam ba zan manta da shi ba, da shi za a binne ni.

A Briqueterie aka haife ni, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde, wadda mu 'yan gida muke ce wa Birik. Kakanmu ne fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya ga wuri ya zauna. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da kaset ya fara shiga gidajen mutane. Ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Mokolo, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. In rediyo ya zo hannuna bai yi magana ba, to a kai shi bola kawai.

Mahaifina shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Masallacin ba shi da hasumiya, wani ɗan matakala ne a jikin bango, nan Baba yake hawa ya toshe kunnuwa ya kira salla. Tsofaffi suna cewa a ƙuruciyarsa har unguwar Nkomkana ana jin sa. To amma shekaru sun ja, haƙora sun zube, ƙirji ya yi rauni. Unguwa kuma ta cika, ga kekunan teloli, ga injin niƙa, ga taksi suna ta ham. Uwa uba ruwan Yawunde, wanda in ya sauka a kan rufin kwano, ko da wanda kuke ɗaki ɗaya sai kun ɗaga murya. A azumin da ya gabaci wannan, mutanen bayan layi sun yi ta ƙorafi, wai suna zaune da ƙoƙon kunu a hannu suna jiran kiran magariba, ashe an daɗe da yi.

Ana saura 'yan kwanaki a ga wata, Liman ya zo gidanmu bayan la'asar. Ina zaure ina zuba musu shayi, don haka a kunnena aka yi. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yi maganar ruwa, ya yi maganar tsadar gero, sannan ya sauke kai ya ce, "Malam, ba ni na faɗa ba, jama'a ne. Ga azumi ya ƙarato. Akwai yaron nan tela, mutumin Garwa, Allah ya ba shi murya. Ana ganin ko za ka huta."

Baba ya juya kofin shayinsa a hannu, ya ce, "To, Liman. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma ran nan tuwonsa haka aka ɗauke shi bai taɓa ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tashin unguwa salla, ruwa da iska, ba a taɓa cewa ya makara ba, sannan rana ɗaya a ce masa ya huta kamar tsohon keken ɗinki? Haba! Washegari na tari Liman a ƙofar masallaci, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman alfarma. A ba ni zuwa magaribar farko ta azumi. In bayan layi ba su ji Baba ba, ni da kaina zan riƙo hannunsa in sauko da shi."

Ya dube ni ya ce, "Da me za su ji shi?"

Na ce, "Da aikin hannuna."

Ya yi ɗan murmushi ya ce ya ba ni. Na san a ransa yana cewa yaro man kaza ne. Ban damu ba.

Lasifika mai bakin ƙaho irin ta babban masallaci ba ta ƙananan masallatai ba ce a lokacin, sai a manyan kantunan cikin gari. Abin da nake da shi shi ne lasifikan rediyon mota guda biyu da na ciro daga wata motar da ta yi hatsari, da ampili, wato na'urar ƙara sauti, wanda na harhaɗa da kaina, da mikiro na magana, da batirin mota. Sai dai duk mai sana'armu ya san lasifika tsirara ba ta da murya. Sautin da ke fita ta bayanta shi ke zagayowa ya cinye na gabanta, sai ka ji tana ƙyan-ƙyan kamar sauro. Dole a yi mata akwati rufaffe, wanda iska ba ta fita ko ta ina, abin da masu faransanci ke ce wa bafil.

Katako na fara nufa. Sai Baffana, ƙanen Baba, wanda sana'arsa fentin gidaje, ya hau rufin masallacin ya duba, ya sauko yana karkaɗe riga. Ya ce, "Ɗana, gara ta gama da itatuwan nan. Ko kyanwa mai ƙiba ce ta hau sai ta rufta kan sahu." Maganar katako ta mutu. Ina bukatar abin da zai rufe iska, ya kuma yi rashin nauyin da gora guda za ta ɗauke shi.

Ina cikin wannan tunani na bi ta bayan wani kantin nama a cikin gari, na tarar suna rushe tsohon ɗakin sanyinsu. Sun zubar da fararen allunan nan marasa nauyi da ake jerawa a bango don sanyi kada ya fita, waɗanda muke ce wa kumfa. Kauri kamar tafin hannu, faɗi kamar ƙofa. Na ƙwanƙwasa ɗaya, na sa baki na hura, iska ba ta wuce ba. Na ce alhamdu lillahi, abin nema ya samu. Na ɗaure su na ɗora a ka, na taho a ƙafa, iska tana neman tafiya da ni da su gaba ɗaya. Ina shigowa Birik masu tsire suka fara. Ɗaya ya ce, "Injiniya, gajimare ka sayo?" Wani ya ce, "A'a, sabulun wankan giwa ne." Na ce ku dai ku ajiye mini tsinken tsire, zan zo in karɓa.

Ba wasa nake ba, da tsinken na yi aikin. Kumfa ba ta riƙe ƙusa, kuma in ka sa mata zarto sai ta marmashe ta cika gida. Wuƙa nake sawa a garwashi ta yi zafi, in bi layin da na ja, ta wuce sumul. Da na zo haɗawa na gwada gam na masu gyaran takalmi a wani guntu, kafin in ƙifta ido ya ci rami a ciki. Nan na gane duk abin da ke warin man mota abokin gabanta ne. Na koma farin gam na kafintoci, in shafa, in haɗa allo da allo, in soke su da tsinken tsire ta kowace kusurwa har su kama. A gaba na manna ɗan siririn falanki na huda shi, na ɗaura lasifikar. Da suka bushe na jona su da rediyo a tsakar gida, na murɗa. Wallahi sai da matata ta saki muciya. Muryar mai labarai ta fito cike, da ƙirji, kamar mutumin yana tsaye a bakin rijiyarmu. Na ɗauki akwatunan biyu da hannu ɗaya ina taƙama, na kai su ɗakin ajiya na masallaci, na ce gobe sai hawa.

To, ana wata ga wata. A layinmu akwai al'ada, duk jajibirin azumi maza sukan fito a yi wa masallaci kwalliya. Bango a shafe shi da farar ƙasa, ƙofofi da tagogi da duk wani abu mai suna abu a bi shi da koren fenti na mai. Har bencin alwala ba ya tsira. Baffa ne shugaban wannan aiki, kuma shi mutum ne da in ya riƙe burushi, in ka tsaya kusa da shi ba ka motsi sai ya fente ka. Ya shiga ɗakin ajiya ɗauko tsani, ya ga akwatunana farare fat, ga tabon gam, ga kawunan tsinke. Ya ce abin da zai hau kan ɗakin Allah ba zai hau tsirara ba. Dattawan da ke wurin suka ce gaskiya ne. Ya fito da su tsakar masallaci, ya tsinka fentinsa da esansi, wato man mota, yadda ya saba, ya zage ya yi musu shafa mai kyau, har shafi biyu.

Ina rumfa wani maƙwabcinmu ya zo a guje ya ce in zo Baffa na nema na. Tun daga fuskarsa na san ba lafiya. Da na iso na tarar da mutane sun yi da'ira. Akwatunana sun lotsa sun narke, kamar an zuba ruwan zafi a kan sukari. Wani koren abu mai yauƙi yana ɗiga a ƙasa, tsinken tsire sun fito tsirara, lasifika ɗaya ta faɗi ta kifa fuska. Baffa yana tsaye da burushi a hannu, bakinsa a buɗe.

Jama'a, na ji wuta ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Da wani ne ba ƙanen ubana ba, da ran nan sai an raba mu. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce, "Baffa, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Wallahi ɗana gyara na yi niyya. Ina shafawa ina ganin abin yana shan fenti, na ce ƙishi yake ji, na ƙara masa."

Wani daga baya ya ce, "Dama mun faɗa, abin da aka tsinto a bola ina zai ɗauki kiran salla?" Na juya ina neman mai maganar, sai na ga Baba a bakin ƙofa, ya dogara da sandarsa. Ya dubi abin da ke ƙasa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Bar shi haka, yaro. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah bai nufa ba."

Wannan magana ta fi narkewar akwatunan yi mini ciwo, don na ji a muryarsa ya riga ya sallama. Na sunkuya na tsince lasifikan, na goge su da gefen rigata, na ce, "Baba, ba a ga wata ba tukuna." Na wuce gida ban ƙara kallon kowa ba.

Sauran alluna suna nan, kuma hannuna ya riga ya san hanya, don haka sake haɗa akwatunan bai ba ni wuya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk haushin da nake ji, Baffa yana da gaskiya ta wani gefen. Dattawa ba za su yarda farin abu mai tabo ya hau masallaci ba. Ban da haka ma, kajin gidanmu sun riga sun nuna mini yadda tsuntsu ke son tsattsagar kumfa, ga kuma ruwa. Abin yana bukatar fata, wadda za ta shiga tsakaninsa da fenti.

Matata wankin hula take yi a gida. Ina zaune na zuba tagumi, ita kuma tana ta dama sitacin rogo tana shafa wa huluna, tana kifa su a kan gungumen itace. Na miƙa hannu na ɗauki wata da ta bushe, na ƙwanƙwasa ta da yatsa, na ji ƙwas. Zare ne fa kawai, amma ya tsaya kamar ƙwarya. Na miƙe zumbur.

Ta ce, "Maigida, lafiya? Yau kuma hulunan mutane za ka sa wa waya?"

Na ce, "Ke dai dama mini sitaci, cikin babbar tukunya, mai kauri."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu da ke shirin kunun azumi, akwati ne zai fara sha." Amma ta ɗora tukunyar.

Na bi shagunan teloli ina neman ƙyallaye. Abin mamaki, wanda ya fi kowa cika mini buhu shi ne telan nan mutumin Garwa, wanda ake so ya karɓi ladanci. Ya ce da Hausarsa mai gardin Fillanci, "Ɗauka duka. Ni ban nemi wurin Baba ba, ce mini aka yi." Na ji kunyarsa, don a raina na riga na ɗauke shi abokin gaba.

Muka zuba farin gam a cikin sitacin, muka riƙa tsoma ƙyalle muna shimfiɗawa a jikin akwatunan, shafi kan shafi, ni da matata, har ba a ganin fari ko ta ina. Atamfa, shadda, yadin makaranta, akwatunan suka fito kamar 'yan tashe. Sai matsalar shanya, don rana ta ƙi fitowa. Ina tsaye ina harar sama sai ga Baffa ya yi sallama, kansa a ƙasa. Ya ɗauki akwati ɗaya, na ɗauki ɗaya, ya wuce gaba har wurin masu tsire. Ya sa suka matsa mana gefen wuta, nesa kaɗan yadda zafi ba zai yi yawa ba. Dattijo da furfurarsa ya tsuguna yana fifita da kwali, yana juya su kamar mai gashin rago. Masu tsiren da suka yi mini dariya su ne suka riƙa ƙara gawayi. Muna nan aka ce an ga wata.

Da gari ya waye akwatunan sun yi tauri, in ka buga sai ka ji kamar ganga. Na ɗauko gwangwanin koren fentin na ajiye gaban Baffa, na miƙa masa burushi. Ya ja da baya ya ce, "A'a, ɗana, ni na tuba." Na ce, "Baffa, duk Birik wa ya fi ka hannu? Bismilla." Ya ɗiga kaɗan a kusurwa, muka zuba ido. Shiru, ba abin da ya motsa. Ya ƙara, shiru. Sai ga Baffa yana dariya yana share ido da bayan hannu, ya bi su ya fente tas. Muka ɗaure su a kan doguwar gora, ɗaya na kallon bayan layi, ɗaya na kallon wajen unguwar Ekoudou, na yi musu 'yar hular kwano, muka kafa gorar a jikin bango.

Bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kafin rana ta faɗi ruwa ya kece, irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ga wasu suna kallon juna. Ni kuwa ko a jikina, don na gwada wayoyina na san abin da na haɗa. Baba ne ya tsorata. Ya dubi mikiro ya ce, "Yaro, ina zan sa bakina? Ihu zan yi?"

Na ce, "Kada ka yi ihu, Baba. Yi yadda ka saba, kamar kana kiran mutanen cikin ɗakin nan. Sauran aikina ne."

Liman ya duba agogo ya gyaɗa kai. Na ba Baffa mikiro ya riƙe wa Baba, ni kuma na fita da gudu cikin ruwa, don so nake in ji da kunnena. Na kai bayan layi, daidai injin niƙa, na tsaya ruwa na dukana. Sai na ji ta. Muryar Baba ta taso ta saman kwanukan unguwa, da 'yar rawar tsufanta, da yadda yake jan ƙarshen kalma tun ina goye, amma cike, ta danne ƙarar ruwan. Ƙofofi suka fara buɗewa. Wata tsohuwa ta leƙo da ƙoƙo a hannu ta ce, "La ilaha illallahu, Ladan ne? Ashe yana nan!" Na ce, "Yana nan, Iya, sha ruwanki." Ni kaina da ruwan sama na buɗe baki ran nan, ina kuka ina dariya, ban ji kunyar kowa ba.

Da na koma masallaci a jiƙe sharkaf, Liman ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce, "Ladan yana nan a wurinsa." Wanda ya yi maganar bola ban san inda ya shige ba. Haka Baba ya kira salla azumin nan gaba ɗaya, bai rasa ko ɗaya ba. Har daga wajen Ekoudou aka riƙa aiko masa da ƙosai da kunu, wai da muryarsa suke shan ruwa. Ya koma cin tuwonsa har yana neman ƙari.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, lokacin azahar ya yi, mutane sun taru. Baba ya miƙe kamar zai kira, sai ya yafito telan nan da hannu. Ya ɗauki mikiro ya danƙa masa, ya ce, "Daga yau kai ne. Kada ka yi ihu, yi yadda ka saba." Ya koma sahu ya zauna abinsa.

Kai, na ji kamar an mare ni. Da ƙyar na bari aka idar da salla. A hanyar gida na ce, "Baba, wannan wace irin magana ce? Duk wahalar nan da muka sha? Ga murya tana kaiwa ko'ina, wa ya ce ka sauka?"

Ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya ce, "Ba wanda ya ce, shi ya sa na sauka. Kai kana tsammani ban san ƙirjina ya gaji ba? Na fi Liman sani. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne a ce unguwa ta daina jina har aka ɗauke ni. Yanzu kowa ya ji ni, da ƙafata na sauko. Allah ya yi maka albarka, yaro."

Na karɓi takalmansa da ya cire saboda taɓo, muka ƙarasa gida.

Yau na kai shekarun da Baba yake da su a lokacin, idona ma ba ya ganin ƙananan wayoyi, na bar wa yara rumfar da kaina tun kafin su fara raɗa. Abin da azumin nan ya koya mini shi ne, tsoho ba kujerar yake riƙe wa ba, mutuncinsa yake riƙe wa. In ka ga naka ya kusa sauka, kada ka bari a janye masa tsani. Riƙe masa shi da kyau, zai sauko da kansa.